Kwana Tara Ina Kallon Tattabarun Mudi

Kai, mai jar hula, na ji abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka lokacin da nake shigowa. Cewa ka yi aikin Ammu Bashir, wato ni baffanku, ai shan shayi ne da masu gadin ƙofa. Ɗago kanka, ma'alish, ba komai, ba kai ka fara faɗa ba. Duk ɗaliban da ke zuwa mana daga unguwar Darrasa su taimaka lokacin hutu haka suke ɗauka. Kuma da gaskiyarka, na sha shayi a unguwarmu Ainu Shams ta nan Alƙahira har haƙorana sun rine. Ku gyara zama dai in gaya muku abin da ake nema da shayin nan.

Mutanen da muke bi ba ɓarayin waya ba ne. Maza ne da kotu ta kama da laifin fyaɗe ko lalata yara, suka yi zaman kurkuku, suka fito. Wasu alƙali kan ƙara musu abin da ake kira muraƙaba, wato da magariba mutum ya kai kansa ofishin 'yan sanda, can zai kwana, da safe a sake shi. To dare na hukuma ne. Rana fa? Da rana yara ke zuwa makaranta, da rana ake aikensu sayen burodi, da rana iyaye ke wajen nema. Shi ya sa ƙungiyarmu ta 'yan asalin Sudan da ƙasar Hausa ta ce ranar tamu ce. Mu nema wa mutum ɗaki da sana'a, shi kuma ya sa hannu a kan sharuɗɗa: ba zama kusa da makaranta, ba keɓewa da yaro, ba hana mu shiga ɗakinsa duk lokacin da muka ga dama. In ya karya, mu sanar da jami'in da ke riƙe da takardunsa. Khalas, magana ta ƙare.

Ɗakin farko da na taɓa shiga, marigayi Ammu Idris ne ya kai ni, shi ya koya mini aikin. Lokacin ni tela ne, ban daɗe da zuwa daga Maiwurno ta ƙasar Sudan ba. Muka zauna da mutumin, ya dafa mana shayi, ya yi ta maganar tuba har idona ya kawo ruwa. Muna saukowa a matakala Ammu Idris ya ce, “Ya zol, mutumina, me ka gani?”

Na ce, “Na ga bawan Allah mai nadama. Ga carbi, ga dadduma.”

Ya ce, “Shayinsa da sukari?”

Na ce, “Babu, ai ya ce yana da ciwon suga.”

Ya ce, “To ledar alewa mai tsinke da ke bayan labule, wa zai sha?”

Wallahi ban ga ledar ba. Ya tsaya a kan matakala ya riƙe ni a kafaɗa, ya ce in daina kallon fuska, fuska kowa ya iya gyara ta. In riƙa duba abin da babban mutum ya ajiye wanda zai sa yaro ya tsaya da tafiya. Ƙwallo, ɗan kyanwa, keke, waya mai wasanni. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Takalmi mai kaurin ƙasa, don ƙafa ce ke yin rabin aikin. Ƙaramin littafi da biro, a ciki nake zana titin kowane mutum: ga makaranta, ga inda ake hadda, ga shagon wasannin yara, ga lokacin da ake tashinsu. Sai bawwab, mai gadin ƙofar bene, wanda ya san wa ya hau, wa ya sauko, da me ya riƙo. Shi ake sha wa shayin. Ba ka zuwa ka zazzage masa laifin mutum a bakin titi, don in unguwa ta sani, ko su far masa ko ya gudu. In ya gudu kuwa ya ɓace mana, kuma ɓatacce ya fi kowa haɗari. Kaɗan-kaɗan ake yi. Ka tambayi ciwon bayansa, ka tambayi ƙauyensu, a kofi na uku ka ce, “Maƙwabcin nan naku na sama, yana yawan baƙi?”

Mutumin da zan ba ku labarinsa, bari in kira shi Mudi, ba sunansa ba ne. A nan Alƙahira aka haife shi, ubansa namu ne, uwarsa Bamisiriya. Da can yana koyar da yara darasi a gida, a nan ya aikata abin da ya aikata. Mutum ne mai sanyin murya, jallabiyarsa kullum a goge. Ni na karɓe shi ranar da ya fito. Na samo masa ɗaki a wani bene mai hawa shida da ba kowa a ciki sai gwagware 'yan aikin gini, in ban da iyalin mai gadi da ke ƙasa. Na sa shi a shagon wani kafinta. Shekara biyu ina binsa, kuma duk abin da na tambaye shi amsarsa ɗaya ce: “Tamam, Ammu,” wato komai lafiya lau. Ban taɓa samun fiye da haka daga bakinsa ba.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke a gida Sudan. Kun san yadda mutane suka yi ta kwararowa. Ɗakin da mutum ɗaya ke kwana ya koma na iyali guda. Benen Mudi da na zaɓa don babu yara, kafin wata uku matakalarsa ta cika da ƙananan silifa. Mun nemi wani ɗakin mu mai da shi, babu ko kusurwa a Ainu Shams.

A cikin masu zuwan ne Ustaza Hauwa ta zo. Bahaushiya ce ita ma, daga Khartoum, ta karanci aikin kula da jama'a a jami'a, ga Turanci, ga kwamfuta. Mudir, shugaban ofishinmu, yana ganin takardunta ya rasa inda zai sa ta don murna. Teburin da ke gefen taga, mai fanka, wanda na yi shekaru ina roƙo, shi aka ba ta a ranar farko. Sati biyu bayan nan ya kira ni ya ce, “Ammu Bashir, gwiwarka ta gaji. Ka miƙa wa Ustaza takardun Mudi, ka huta.”

Hutu! Ni na ce masa na gaji? Na miƙa dai, har da murmushi, amma ƙyashi ya cika mini ciki, ba zan ɓoye muku ba. Da a ce ba ta iya aikin ba, da na samu sauƙi. Ina! Matar nan ta iya. Ni in yini ina kashe takalmi in dawo da jimla ɗaya, ita ta zauna awa guda a kicin ɗin wata ta dawo da shafi biyu. Ummu Karim, matar mai gadin benen Mudi, wadda ban taɓa jin muryarta ba in ban da gaisuwa, sai ga ta tana kiran Ustaza a waya suna hira. Abin da ya fi ci mini rai, Mudi ya buɗe mata baki. Ya gaya mata yadda abin ke taso masa, da lokutan da ya fi jin tsoron kansa. Mutumin da na yi shekara biyu ina hawa bene shida dominsa!

Wata Laraba, a taronmu na mako, ta buɗe kwamfutarta fuskarta fal murna. Ta ce Mudi ya samu abin da zai ɗauke masa hankali. Ya harhaɗa ragowar katako daga shago ya yi ɗakin tattabaru a saman bene, ya sayo guda shida. Ta ce mutum in ya samu rai da zai kula da shi, yakan samu natsuwa, kuma saman bene ya fi masa zaman matakala inda yara ke kai da kawowa.

Nan take na hango haɗarin. Ita ba laifinta ba ne, wata nawa ta yi a garin? A wurinta tattabara abin kiwo ce, a ba ta hatsi, in ta yi ƙiba a yanka. Ba ta san tattabarun Alƙahira ba. Ku da kuke Darrasa kun gani ai. Da la'asar mai su zai hau, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki doguwar sanda mai jan ƙyalle yana kaɗawa yana fito, su tashi su yi ta zagaya sama. Duk yaron da ke titin sai ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai. Babu alewa, babu keke, babu ƙwallon da ke jan yaro a garin nan kamar su. Kuma saman bene ƙofa ɗaya gare shi.

Na buɗe baki zan yi magana. Daidai nan Mudir ya tafa hannu ya ce, “Kun gani? Wannan shi ne aikin zamani! Ammu Bashir, da kai da takalminka, sai ku zo ku koya.” Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ja bakina na yi gum.

Abin da na gaya wa kaina shi ne, bari in tabbatar tukuna, kada in zargi mutum ba hujja. Ƙarya ce. Gaskiyar ita ce, saura kwana goma a yi babban taron ƙarshen wata, wanda dattawan jama'armu ke halarta. So nake in miƙe a gabansu, in buɗe ɗan littafina, in karanta musu abin da takalmi ya gano wanda kwamfuta ba ta gani ba. Ina so in ga fuskar Mudir, ina so in ga tata. Lambarta na cikin wayata, kira ɗaya ya isa. Ban kira ba.

Akwai wani shagon gahawa da ke kallon benen daga tsallaken titi. Tun daga washegari, kullum da la'asar ina can, na samu kujera bayan ginshiƙi inda Mudi ba zai hango ni ba. Ina ce wa kaina ai gadi nake yi, tunda ina nan babu abin da zai faru. Amma daga titi tattabaru kawai ake gani, da kan mutum, da sandar. Abin da ke bayan katangar saman bene ba a ganinsa. Na fi kowa sanin haka.

Rana ta farko na rubuta: ya tashe su bayan la'asar, ya rufe kafin magariba ya tafi ofishin 'yan sanda. Rana ta uku na rubuta: yara biyar sun tsaya a titi suna kallo. Rana ta shida na je wajen mai sayar da hatsin tsuntsaye a bakin kasuwa, na sayi abin da ba na buƙata, na ja shi da hira. Na ce, “Kafintan nan mai sababbin tattabaru, yana saye da yawa?” Ya ce, “Ba laifi. Shi ma ba ya zuwa kullum, ɗan mai gadinsu yake aikowa, Karim.”

Karim shekararsa tara. Na san shi tun yana bin uwarsa da bokiti.

Ku saurara da kyau, don nan ne wajen. Kun san me na ji lokacin da mai hatsi ya faɗi haka? Daɗi na ji. Wallahi tallahi daɗi na ji. Na fito da littafina a tsakiyar kasuwa na rubuta sunan yaron, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ce yawwa, ga hujja ta samu. Na ƙirga, saura kwana huɗu taro. Na koma gida.

Rana ta tara, jajibirin taron, ina zaune a kujerata, tattabaru suka tashi kamar kullum. Na ɗaga kai. Sai na ga jan ƙyallen bai kai inda ya saba kaiwa ba. Ƙasa-ƙasa yake, yana karkacewa, sandar tana rinjayar mai riƙe da ita. Ga kan Mudi can a tsaye, hannuwansa ba sa sama. Wani ne gajere ke kaɗawa.

Ban san yadda na tsallaka titin ba, na dai ji mai tuk-tuk, adaidaita sahun nan, yana zagina. Na wuce Ummu Karim tana wanki a ƙofa, tana cewa, “Ahlan, Ammu,” na kama matakala. Bene shida da gwiwar da Mudir ya ce ta gaji, kuma a ranar na yarda ta gaji. A hawa na huɗu numfashina ya ɗauke, na kama ƙarfe na ja jikina. Na kai ƙofar saman na tura. A kulle. Ƙofar nan shekara biyu na san ta, ko makullin kirki ba ta da shi. An sa mata sabuwar sakata, kuma ta waje, ta ɓangaren tattabaru.

Na dake ta da hannu biyu. “Mudi! Buɗe! Bashir ne!”

Shiru. Fiton ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a bakin ƙofar nan ba, wataƙila bai kai minti ɗaya ba, amma na karanta duk addu'ar da na sani. Sai na ji an zare sakata.

Karim na tsaye da sandar, gashin tattabara a kan rigarsa, yana dariya. Ya ce, “Ammu, ka ga yadda suke bin hannuna?” Mudi na gefe, jallabiya a goge, ya dube ni ya ce, “Tamam, Ammu. Don kyanwa na sa sakatar, tana cinye mini ƙwai.”

Na ce, “Karim, yalla, maza sauka wajen mamanka, tana nemanka.” Da yaron ya sauka na tsaya a bakin ƙofa, na kira jami'in, sannan na kira Ustaza Hauwa. Mudi bai yi gardama ba. Ya zauna a kan buhun hatsi yana kallon tattabarunsa suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

Masu iya magana da yara sun zauna da Karim, likita ma ya duba shi. Suka ce babu abin da ya same shi, alhamdulillahi. Amma ya gaya musu sau huɗu yana hawa, kuma kowane hawa ana sa sakata. Mudi ya ce masa kada ya gaya wa mamansa, za ta hana shi tattabaru. Sau huɗu. Na duba littafina, duka huɗun a cikin kwana tarana suke, ina tsallaken titi da kofi a hannu. An mai da Mudi hannun hukuma saboda karya sharaɗi, kafinta ya zo ya kwance katakon.

Washegari aka yi taron. Duk abin da na yi mafarki ya faru, har ya zarce. Mudir ya miƙe gaban dattawa ya ce, “Idon tsohon ma'aikaci daban ne. Ammu Bashir yana wucewa kawai ya hango.” Yana wucewa! Ban gyara masa ba. Wani dattijo ya sumbace ni a ka. Sai Ustaza Hauwa ta miƙe ba wanda ya ce ta miƙe. Ta ce, “Takardun a hannuna suke, ni na yarda da tattabarun, ni na kasa hawa in duba ƙofar. Kuskurena ne, kada a nemi wani.” Ta zauna. Ba ta kawo uzurin baƙunta ba, ba ta yi kuka ba. A makon aka mai da ni teburin gefen taga.

Kwana biyu bayan nan ina saukowa daga ofis, ta tare ni a matakala. Babu kowa. Ta ce, “Ammu, na koma unguwar don in gane inda na yi sake. Mai gahawa ya ce kwana tara kana zama a bayan ginshiƙinsa. Mai hatsi ya ce ya gaya maka zancen Karim tun ranar Talata.” Ta dube ni. “Yaushe ka sani?”

Na so in ce ina tattara hujja ne. Bakina ya ƙi. Na ce, “Tun ranar da kika faɗa a taro.”

Sannan ta ce, “Sau huɗu ya hau, Ammu.”

Na ce, “Na sani.”

Na tsaya ina jiran ta juya ta hau wajen Mudir. Da ni ne, da gudu zan hau, har da littafi. Sai ta gyara mayafinta ta ce, “Gobe bayan azahar za ka zagaya da ni. Ka nuna mini duk abin da ke jan yaro a garin nan, kada ka rage ko ɗaya. Kuma daga yau, duk wanda ya ga wani abu zai gaya wa mai riƙe da takardun kafin magaribar ranar, ko da suna gaba.” Ta sauka ta bar ni a nan.

Takardar nan da ke manne a bango bayanku, wadda aka sa ku karanta da safe, dokar kafin magariba, ita ce ta rubuta. Kowa a ofis ɗin nan yana kiranta dokar Ammu Bashir, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Har yau Mudir bai san zancen kwana taran nan ba. To yanzu ku kun sani, kuma kafin magariba zan hau in gaya masa da bakina, don na gaji da fankar nan.

Kada ku ɗauka ƙyashin ya tafi. Yana nan daram. Sai dai yanzu ba tebur nake mata ƙyashi ba, ba kuma don Mudi ya yi mata magana ba. Ita a rana ɗaya ta miƙe gaban dattawa ta ce kuskurenta ne. Ni shekara biyu ke nan, sai yau na iya faɗa, shi ma a gaban yaran da ban san sunayensu ba. Duk sanda na gan ta tana shigowa da jakarta, sai ƙyashin ya taso mini.

Ummu Karim kuwa har gobe ba ta bari in wuce ƙofarsu. Da ta hango ni sai ta ƙwalla kira, “Karim, kawo kujera, ga Ammu da ya cece ka!” Yaron ya yi tsawo yanzu. Shi yake kawo mini kofin da hannu biyu, da na'ana'a a ciki, uwarsa na tsaye tana sa mini albarka, ba ta tafiya sai ta ga na shanye.

Shi ne shayin da ka gan ni ina sha jiya, mai jar hula. Gobe za ka raka ni, ka zauna kusa da ni, ka kalli yadda yake wucewa a maƙogwarona.